Rumfar Sauraro a Bayan Gida

A shekarar da na ajiye alli, bayan shekara 35 ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare, abin da na fara yi da ɗan kuɗin sallamata shi ne kiran birkila da kafinta. Akwai wani lungu a bayan gidanmu a Zariya, tsakanin turken awaki da katanga, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya. Nan na sa aka jera bulo layi uku saboda gara, aka kafa katako, aka rufa kwano, aka shimfiɗa zana ta ciki don rage zafi. Faɗin rumfar ƙafa shida, tsawonta ƙafa takwas. A ciki akwai tebur ɗaya, kujera ɗaya, buzu, buta, littafin rubutu da akwatin rediyo. Yaran gida suka sa mata suna ofishin Kaka, ni kuwa rumfar sauraro nake ce mata.

Ranar da Yayana ya zo ganin aikin, ya leƙa ciki, ya dubi wayar da na ja daga taga zuwa reshen darbejiya, ya daɗe bai ce komai ba. Shi almajiri ne tun tasowarsa, ya ba ni shekara tara, kuma har yau ba na zama kan kujera in yana kan tabarma. Can sai ya ce, "Kai yanzu da furfurarka, in ma ɗaki za ka keɓe, ba sai ka keɓe na jan carbi ba? Za a tambayi kowa yadda ya ƙarar da rayuwarsa. Me za ka ce game da dararen da za ka ƙarar a nan?"

Na ce, "Allah ya gafarta, Yaya, ku ba ni lokaci in yi tunani."

Shekara huɗu ke nan ina wannan tunani. Tambayar ba ta raini ba ce, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Shin mutumin da ya zauna shiru yana jiran wata murya ta iso masa daga nisan duniya aiki yake yi, ko kuwa ɓata lokaci ne aka yi wa ado da waya da batir?

Son rediyo gado na yi. Mahaifinmu yana da wata National mai rigar fata, wadda ba mai taɓa ta sai shi. Da asuba bayan lazimi, da kuma bayan isha'i, yakan ɗora ta bisa gwiwa a zaure, maƙwabta su kewaye shi. Zamanin nan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ne uban tafiya. Sashen Hausa na BBC ya riga shi, tun 13 ga Maris 1957, da ɗan shiri na minti 15. Jamus ta bi sahu a 1963, Muryar Amurka sai 1979, Faransa kuwa ta makara har 2007. Ba zan manta da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976 ba. Ina ɗan shekara 15, muka ji muryar wani soja, Dimka, yana sanar da juyin mulki. Zauren ya kaure da salati, kowa na faɗin abin da ya zo bakinsa. Baba ya ɗaga hannu ɗaya, aka yi tsit. Ya murɗa zuwa wata tasha, ya koma wata, ya sake dawowa. Wani maƙwabci ya ce, "Malam, an kashe Murtala ko?" Baba ya ce, "Ban ji ba tukuna. Abin da na ji shi ne wani soja ya ce ya karɓi mulki." Daga baya labarin kisan shugaban ƙasar ya tabbata, juyin mulkin kuma ya rushe. Amma abin da ya zauna mini shi ne yadda Baba ya raba abin da kunnensa ya ji da abin da zuciyarsa ke tsoro, a lokacin da kowa ya haɗe su.

Dalilin da ya fitar da ni daga cikin gida zuwa lungun awaki shi ne darasina na farko. Da na sayi sabuwar rediyo mai gajeren zango, na zauna da ita a falo, ba abin da ke fita sai shuu da ƙara kamar ana soya gyaɗa. Na zaci tashoshin ne suka mutu, ko kuma an sayar mini da jabu. Wani dare aka ɗauke wuta a unguwa baki ɗaya, kafin maƙwabta su tada janareto. Cikin wannan ɗan tsakani sai ga muryoyi sun cika akwatin, mita 49, mita 41, mita 31, Larabci nan, Faransanci can, ga wani harshe da ban taɓa ji ba. Da wuta ta dawo, duk suka nutse. Washegari na ɗauki rediyon ina zagaya gida da ita kamar mai neman ɓeran da ya mutu. Na kai ta kusa da cajar waya, ta yi kuka. Na kai ta kusa da farin ƙwan lantarkin nan na zamani, ta yi wani kukan daban. Talabijin da nasa, inbata kuwa ya fi kowa tsawa. Ashe tashoshin suna nan daram, suna ratsa ɗakina dare da rana. Hayaniyar da ta hana ni jin su daga cikin gidana take fitowa, daga kayan da na saya da kuɗina.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Sau nawa na ce huɗubar liman ba ta ratsa ni ba, ko na karanta izu guda ban ji komai ba, na ɗora laifin a kan liman ko a kan gajiya? Sau nawa uwargida ta gaya mini damuwarta, ina kallonta, amma a ciki ina shirya amsa? Zuciya ma tana da nata caja da inbata: bashin da ake bin ka, maganar da wani ya gaya maka shekaranjiya, girman kai da ke raɗa maka cewa ka riga ka san abin da za a faɗa. Addini ya san da haka tun tuni. An umarce mu da mu kasa kunne mu kuma yi shiru idan ana karanta Alƙur'ani, umarni biyu a jere, domin kasa kunne ba ya yiwuwa sai an kashe ƙarar ciki. Ranar Juma'a kuwa an tsananta har ta kai ko ka ce wa na kusa da kai ya yi shiru alhali liman na huɗuba, kai ma ka yi yasasshiyar magana. Na koyar da yara wannan hukunci a baki shekara da shekaru. Sai da na ga allurar rediyo ta lafa bayan na zare cajar waya sannan na fahimci hikimarsa.

Don haka rumfar ba ta da wutar gari. Batirin babur nake amfani da shi, in caje shi da rana, in cire shi daga caji kafin in kunna. Fitilata ƙaramar tocila ce. Eriyar waya ce ta tagulla mai tsawon kamar mita 20, na ɗaure bakinta da igiyar roba don kada ta taɓa itacen. Na kafa rodi a ƙasa bayan rumfar, na haɗa shi da rediyon, da rani nakan zuba masa ruwan alwala don ƙasar ta yi laima. Da hunturu, busasshiyar iska mai ƙura takan tara wa wayar caji har ta ɗan tsikare ka in ka taɓa. Da damina kuwa, da zarar hadari ya haɗo nakan zare wayar in jefa bakinta waje, saboda ba a wasa da tsawa. A littafina nakan rubuta rana, da lokaci a agogon GMT wanda agogon Najeriya da Nijar ya fi shi da awa ɗaya, da mita, da harshe, da ƙarfin muryar.

Duk wannan shiri, ba shi ke kawo murya ba. Wannan shi ne darasi na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Duniya a dunƙule take, igiyar rediyo kuwa miƙe take tafiya, da gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Bisa ƙa'ida ya kamata ta wuce sararin samaniya ta ɓace. Lokacin da Markoni ya ce ya kama sigina daga Ingila a gaɓar da yanzu take cikin Kanada a Disambar 1901, masana da dama sun yi mamakin yadda ta zagayo bayan teku. Sai a 1924 wani Bature masanin kimiyya, Edward Appleton, ya tabbatar da cewa can sama akwai wani rufi na siririyar iska da hasken rana ke cika shi da cajin lantarki, daga kamar kilomita 60 har zuwa ɗaruruwan kilomita. Igiyar gajeren zango takan bugi wannan rufi ta dawo ƙasa, ta sake tashi, ta sake dawowa, kamar ƙwallo tsakanin daɓe da silin. Haka muryar da aka yi a London take bi ta tashar da BBC ta kafa a tsibirin Asenshon a 1966, can tsakiyar Tekun Atalantika, ta tsallako sama da kilomita 3,000, ta sauka kan wayata a gindin darbejiya.

Wannan rufi ba ya zama a hali ɗaya. Da rana, ɓangarensa na ƙasa yakan yi kauri ya shanye igiyoyin mita 49 da 60, shi ya sa sai ka hau mita 19 ko 16 kafin ka kama nesa. Rana na faɗuwa sai ɓangaren nan ya narke, hanya ta buɗe. Rana kanta tana da nata zagaye na kimanin shekara 11, tana zafafa tana lafawa, rufin kuma yana bin ta. Tashar da ta zo maka jiya kamar mai maganar yana zaune a kan buzunka, yau sai ka neme ta ka rasa, alhali ba ka taɓa komai ba. Mafi kyawun lokaci a wurina shi ne gab da magariba da gab da fitowar alfijir, daidai inda dare da rana ke musayar hannu. Sau da yawa na lura cewa lokutan nan su ne aka kwaɗaitar da mu ambaton Allah a cikinsu. Ba na cewa wannan ne dalilin wancan. Ina dai cewa wanda ya saba zama a faɗake a waɗannan sa'o'i yana ganin sauyawar dare da rana da idonsa, yana kuma jin ta da kunnensa, ita kuwa tana cikin ayoyin da aka ce masu hankali su yi tunani a kansu.

A watan Mayun 2024 wannan darasi ya zo mini ta hanyar da ta ba ni kunya. Na shiga rumfa da dare, na kunna, shiru. Na murɗa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ko tashoshin da ba su taɓa ɓace mini ba sun zama raɗa. Da yammacin ranar na hangi jikana, yaro ɗan shekara 10, yana harbin tsuntsu da danƙo a wajen darbejiyar. Ban tsaya bincike ba, na kira shi na rufe shi da faɗa. Ya ce, "Wallahi Kaka ban taɓa wayarka ba." Na ce ya rufe mini baki. Ya tafi yana share hawaye. Da safe na bi wayar taku-taku, lafiyarta ƙalau. Kwana biyu bayan haka, da muryoyi suka dawo, a cikin labaran da na fara kamawa har da na wata gagarumar guguwa da ta taso daga rana ta bugi duniya a ranakun 10 da 11 ga watan, irin wadda aka yi shekara 20 ba a ga mai ƙarfinta ba, ta dagula sadarwar gajeren zango a ƙasashe da yawa. Abin da ya faru a nisan kilomita miliyan 150 na ɗora wa yaron da ke gabana. Na kira shi rumfar, na zaunar da shi a kujerata, na ce, "Na zalunce ka, ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Kaka." Tun daga ranar shi ke riƙe mini tocila in ina rubutu.

A cikin Suratul Hujurati an gargaɗe mu da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Na san ayar tun ina makarantar allo. Kullum ina zaton maganar labarin da wani ya kawo maka ce. A daren nan mai kawo labarin zuciyata ce, kuma ban tambaye ta hujja ba.

Tsakanin wayar da na ja da rufin da ban isa in taɓa ba, nan na ga ma'anar sababi da tawakkali a fili. In ban ja waya ba, ban kafa rodi ba, ban kashe ƙarar gidana ba, ko sama ta buɗe ba zan ji komai ba. In na yi duk wannan, sama ta rufe, nan ma ba zan ji ba. Nawa shi ne shiri da zama a wurin a kan lokaci. Isowar muryar kyauta ce. Manomi ya san haka game da ruwan sama, amma mu 'yan boko da muka saba da makunnin da in ka danna fitila ta kama, mun fara mantawa. Wayar hannu ta ƙara mana wannan mantuwa: abin da kake so, lokacin da kake so, kuma in ya yi jinkirin daƙiƙa biyar ka yi tsaki. Mai irin wannan sabo, in ya yi addu'a kwana uku bai ga biyan buƙata ba, sai ya fara zargin ko ba a ji shi ba. Rumfar nan ta koya mini cewa shiru ba ya nufin babu mai magana, kuma wanda ya tashi ya tafi minti biyar kafin hanya ta buɗe shi ya yi asara.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kasuwa gaskiya ne. Amma su ne dai suka ce kunne ya girmi kaka, suka kuma ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Malamai sun lura cewa a mafi yawan wuraren da Alƙur'ani ya ambaci ji da gani tare, ji ne ke gaba. Jariri na faɗowa, abin da ake fara yi masa shi ne kiran salla a kunne. Mai barin duniya, abin da ake yi masa na ƙarshe shi ne laƙƙana masa kalmar shahada, ita ma ta kunne. Karatu ya iso mana daga baki zuwa kunne, ɗalibi ya durƙusa gaban malami ya ji, sannan ya biya. Ido kai ke juya shi inda kake so, ka rufe shi in ka ga dama. Kunne ba shi da murfi, kuma ba ya aiki sai ka yarda wani ya riga ka magana. Shi ya sa nake ganin sauraro ɗan'uwan tawali'u ne. Mai girman kai yana iya kallon mutane, amma da wuya ya saurare su.

Akwai kuma abin da ke sanyaya mini jiki. Littafina cike yake da tashoshin da suka yi shiru. Rediyon BBC na Larabci, wanda aka fara a 1938, ya rufe a Janairun 2023 bayan shekara 85. A watan Maris na 2025 na kunna a lokacin da na saba jin Muryar Amurka, ban ji sallamar da na sani ba. Manyan dauloli ne suka kafa waɗannan hasumiyoyi, kowace tana ganin muryarta za ta dawwama. Nakan bi shafukan da yatsa kamar mai zagaya maƙabarta, in tuna cewa kowace murya tana da ranar da za a kashe mata na'ura, har da tawa.

Duk da haka Yaya yana da gaskiyarsa, kuma ba zan ɓoye ba. Wani dare a shekarar farko, wata tasha daga gabashin Asiya ta shigo tar, ina jiran ta faɗi sunanta in rubuta. Aka kira isha'i na ji, na ce bari ta faɗa. Aka tada iƙama na ji, na ce saura kaɗan. Da na isa masallaci an sallame. Kunnen da nake alfahari na horar ya ji kira daga nisan dubban kilomita, ya yi biris da kiran da ke bayan katangarsa. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ladan na ɗaga murya, hannuna na kan makunni, ko wace tasha ce, ko me take faɗa. Rumfa ba masallaci ba ce, kama tasha kuma ba ibada ba ce. Abu ne halal wanda niyya da iyaka ke iya ɗaga shi, sakaci kuma ya mai da shi abin da Yaya ya ji mini tsoro.

Da azumin bana Yaya ya sake zuwa. Bayan tarawihi na roƙe shi ya shiga rumfar, na shimfiɗa masa buzu, na kashe tocila. Na murɗa a hankali har muka faɗa kan karatun Alƙur'ani daga wata tasha mai nisa, muryar tana ƙarfi tana raguwa kamar iska ke kaɗa ta. Duk lokacin da ta nutse, sai in ji Yaya yana ci gaba da ayar a hankali, in ta dawo su haɗu daidai. Da aka kai ƙarshen surar na ce, "Yaya, amsar tambayarku ke nan, iyakar abin da na samu. A nan na koyi yin shiru, na koyi jira, na koyi kada in yanke hukunci kan abin da ban tabbatar ba." Ya ce, "To, Allah ya sa ka fita da su waje. In a nan ciki suka tsaya, ba su amfane ka ba."

Wannan sharaɗi nasa shi ne ma'aunin, kuma na karɓa. Ranar da uwargida ta ce mini yanzu ina barin ta ta kai ƙarshen maganarta, na san kuɗin kwano da katako bai tafi a banza ba.

Ba kowa ke da lungu a bayan gida ba, ba kuma kowa ke son rediyo ba. Amma kowa yana da abin da ke yi masa ƙara a kunne, kuma ya san shi. Ɗan'uwa mai karatu, ka samu sa'a ɗaya a yini ka kashe naka, ka zauna ka saurari mahaifiyarka in tana raye, ko iyalinka, ko karatun da ka daɗe kana ji ba ka saurara ba. Za a tambaye mu game da jinmu kamar yadda za a tambaye mu game da ganinmu da zukatanmu. Allah ya sa mu cikin masu sauraron magana su bi mafi kyawunta.